Koya wa Ɗalibai Tantance Talla

Talla tana iske yaro a Hammadu Kafi tun kafin ya isa makaranta: ga motar mai maganin gargajiya da lasifika, ga TikTok a wayar yayansa. Wata hanyar koya masa tantance abin da yake ji ita ce a sa shi ya ƙirƙiro haja da kansa.

Malami kan raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowanne ya zaɓi kaya, kamar sabulu ko zoɓo. Su raɗa masa suna, su zana kwalinsa, su tsara tallar daƙiƙa 30. A nan yaro ke gane cewa launi da kiɗa da kirari duk zaɓarsu ake yi don a ja hankalin mai saye. Wanda ya ce sabulunsa na maganin ƙuraje, sai 'yan aji su nemi hujja, kuma galibi babu ita.

Daga nan a kawo kayan kanti a duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Tantance talla kafin ta fita kuwa aikin hukumar ARCON ne, wadda ta gaji APCON a 2022, ko da yake mai lasifika a bakin kasuwa ba kasafai yake bi ta kanta ba.