Binciken DBS Ga Masu Hidima da Yara da Tsofaffi: Jawabi a Taron Dattawan Ikilisiyoyi



Maganar da aka ba ni ita ce binciken da doka ta tanada a Ingila da Wales ga duk mai kula da yara ko manya marasa ƙarfi. Wannan ya shafi malaman makarantar Lahadi, shugabannin matasa, da masu kai tsofaffi asibiti da sunan ikilisiya.

Na ji wasu suna cewa, “Ai mun san juna, me ya kawo bincike a gidan Allah?” ’Yan’uwa, a garin Soham a shekarar 2002, Ian Huntley, mai kula da ginin wata makaranta, ya kashe ’yan mata biyu masu shekara 10. An sha kai ƙararsa wurin ’yan sanda a inda ya zauna a dā, amma labarin bai kai ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Rahoton Bichard na 2004 ya tona wannan sakaci, aka kafa dokar kare marasa ƙarfi a 2006. A 2012 aka haɗa hukumomin CRB da ISA suka zama DBS.

Ga abin da ya kamata mu riƙe.

Na ɗaya, mai koyar da yara a kai a kai ba tare da wani yana lura da shi ba, yana bukatar bincike mai zurfi, har da duba jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Laifi ne a doka a ba mutum irin wannan hidima da sanin cewa sunansa yana cikin jerin.

Na biyu, hukumar ba ta karɓar kuɗin wannan bincike daga masu aikin sa kai. Ƙananan ikilisiyoyi suna nema ta hannun ƙungiyoyi irin su thirtyone:eight, waɗanda ke da nasu kuɗin hidima.

Na uku, DBS ba ta ganin bayanan ƙasashen waje. Ɗan’uwan da ya zo daga Jos ko Kaduna kwanan nan, a nemi takardar shaidar hali daga ’yan sandan Najeriya, da wasiƙa daga fastonsa na gida.

Na huɗu, idan kun sauke wani daga hidima domin ya cutar da yaro, wajibi ne ku sanar da DBS. Kada a ce a rufa asiri a gama a gida.

Takardar tana nuna abin da aka sani ne kawai a ranar da aka buga ta. Saboda haka kada babba ɗaya ya kasance shi kaɗai da yara, kuma kowace ikilisiya ta naɗa mutum guda da za a riƙa kai wa ƙorafi.

Wanda ya tuba, ƙofar sujada a buɗe take gare shi. Amma gafara ba ta wajabta mana mu danƙa masa yara ba. Ina roƙon dattawa su fara miƙa nasu sunayen, domin kada wani ya ji kamar shi ake zargi.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.