Filinki da Gidan Hayarki: Kina Ɗaki, Kina Riƙe da Abinki

Yau hirarmu a kan fili ce da gidan haya. Da yawanmu muna samun ɗan abin hannu ta gado, ko sadaki, ko adashi, ko kiwo. Tambayar da ke yawan zuwa ita ce: ni da ba na fita, yaya zan mallaki fili ba a cuce ni ba?

To 'yar uwa, ki fara sanin cewa Musulunci ya ba ki ikon dukiyarki. Ba ta maigida ba ce, ba ta yayanki ba. Wakili za ki naɗa, amma sunanki za a rubuta a takardar ciniki. Ranar da aka zo rabon gado, alƙali takarda da shaidu zai nema. "Ai kowa ya san nata ne" ba ta isa hujja ba.

Kafin a ba da ko kafin alƙalami, a tuntuɓi mai unguwa da dagaci: filin na mutum ɗaya ne, ko na magada ne da ba a raba ba? A kira maƙwabta su nuna iyaka. Dokar filaye ta 1978 ta ce filin karkara ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa, na birni kuwa gwamna. Sannan a je a ga wurin da damina. Mu nan Miga mun san kwari, mun ga ambaliyar 2022. Fili mai araha da rani, wani sa'in tafki ne a watan Agusta.

Sai maganar haya. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, aka kuma buɗe jami'ar tarayya a 2011, ma'aikata da ɗalibai ke neman ɗakuna. Idan kin ba da haya, a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, wa zai biya kuɗin wuta, wa zai kwashe masai. Kowane biya da rasit, wakili kuma ya kawo miki shi har ɗaki. In ba ki karanta boko, ɗiyarki ta karanta miki, ko a rubuta da ajami. Kada kunya ta hana ki tambayar lissafi, ko da ƙaninki ne.

Kuma kar ki cinye kuɗin haya duka. Ki ware na yaɓe da gyaran kwano da indararo kafin ruwa ya sauka. Ɗan haya in ya shiga matsi, ki yi masa uzuri, amma a sa rana gaban shaidu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa albarka a abin da muka mallaka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.