Jawabi a Taron Manoman Toranke Kan Ƙwaron Sha-mai



Ƙwaron nan sha-mai, cikin gyaɗa da riɗin da muka kwaso yake biyo mu gida. Da rana ya ɓuya, da dare ya tsotse man ƙwayar. Sai gyaɗa ta yamushe, ta yi ɗaci, mai saye ya taya ta a wulaƙance.

Saboda haka kada mu bar gyaɗa jibge a ƙasa bayan cira. A tsinke ta da wuri, a shanya nesa da ɗakin kwana. A yaɓe tsagar bango da ta rumbu. Wanda ya shigo, a share shi cikin ruwan sabulu.

Roƙona, kada a fesa maganin gona a ɗaki. Yaranmu nan suke kwana.