Yaranmu 'Yan Ajin Ƙarshe: Jawabin Sakatare a Taron Iyaye



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah gafarta Malam. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamiti, iyayenmu mata da ke zaune daga baya, 'yan uwa 'yan goro da 'yan kara da mahauta da direbobi, sai kuma ku 'ya'yanmu da kuka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe ta sakandare, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamiti ne ya ɗora mana nauyin yin wannan bayani, kuma mun karɓa da farin ciki. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a kan tabarmin nan, har da mai magana, sai da muka yi iyali sannan muka koyi rubuta sunanmu da boko, a ajin yaƙi da jahilci, da daddare, bayan an tashi daga kasuwa. To yau ga yaran da muka haifa a wannan ɗan gari na ƙasar Yarbawa sun yi shekara 6 a firamare, sun yi 6 a sakandare, sun zauna jarrabawar WAEC da NECO kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan masu gari. Alhamdu lillahi. Sai dai murna ba za ta hana mu faɗa wa kanmu gaskiya ba, don haka za mu fara da laifinmu kafin mu je ga na wasu.

A zangon karatu na biyu an yi gasar wasanni ta gida-gida a makarantar da yawancin yaranmu suke. Wani yaro daga unguwar nan ya zo na ɗaya a gudun dogon zango. Da aka zo ba shi kyauta, mai sanarwa ya kira mahaifinsa a lasifika har sau uku, babu wanda ya miƙe. Ya ce to wani daga cikin danginsa ya fito, nan ma shiru. A ƙarshe wata malama ce ta fito ta tsaya kusa da shi aka ɗauki hoto. Mun san ranar kasuwa ce, mun kuma san ba a barin kaya a rana. Amma iyayen sauran yaran ma 'yan kasuwa ne, sun rufe rumfuna sun zo da ganguna da ruwan sanyi. Haka abin yake a taron iyaye da malamai: a yanke kuɗin da za mu biya, a zaɓi shugabanni, ba mu nan, sai daga baya mu zo ofishin ƙungiya muna cewa an zalunce mu.

Wasu daga cikinmu suna ɗaukar waɗannan abubuwa a matsayin wasan banza. Yaro ya ce zai tsaya muhawara ko kacici-kacici bayan an tashi, a ce masa ya dawo ya tsare shago. Yarinya ta ce an sa ta cikin ƙungiyar ba da agajin gaggawa ko ta masu karanta labarai a taron safe, a ce ba a aike ta wannan ba. Faretin ranar yara, 27 ga Mayu, da na 1 ga Oktoba, sau nawa muka hana su zuwa saboda kuɗin farin takalmi? Ranar al'adu kuwa, da ya kamata a ga babbar riga da zanna da lalle da kalangu a tsakiyar filin makaranta, sau da yawa yaranmu aron kayan wasu suke yi su shiga layin wasu.

Jama'a, ga abin da ya sa muke nanata wannan. Idan yaro ya gama, shugaban makaranta yana rubuta masa takardar shaidar hali, wadda suke kira testimoniyal. A cikinta ake faɗin muƙamin da ya riƙe, ko shugaban ɗalibai ne, ko mai kula da lokaci, ko kyaftin ɗin ƙwallo, da ƙungiyoyin da ya shiga, da yadda halinsa yake. Wanda bai shiga komai ba, layi biyu za a rubuta masa a sallame shi. Bayan takarda kuma akwai mutane. Waɗanda suka yi muhawara tare da ɗanka, nan da shekara goma sha biyar su ne ma'aikatan jinya a asibiti, su ne akawun ƙaramar hukuma, wani ma kansila. Ranar da wata fitina ta taso, Allah ya kiyaye, wanda zai miƙe ya ce wannan namu ne, tare muka tashi, ya fi mana takarda ɗari. Iyayenmu da suka kafa unguwanni irin wannan, kamar Sabon Ibadan da aka kafa tun 1916, da ciniki da amana suka sayi zama lafiya. Na yanzu a aji da filin wasa suke ƙulla tasu amanar.

Yanzu sai maganar haƙƙi, tunda ita ce ta tara mu a ƙungiya. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya ga dama a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana hukuma ta tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko addininsa, ko don namiji ne ko mace. Saboda haka idan yaro ya cancanci wakiltar makarantar gwamnati a gasa, ko ya cancanci muƙami, aka ce a'a don shi baƙo ne, wannan magana ba ta da gindin zama a doka. Amma mu yi adalci: a shekarun da muka yi muna riƙe da littafin ƙorafi na ƙungiya, malaman da suka ja yaranmu a jiki sun fi waɗanda suka ture su yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma bikin sallama da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe, wanda a wasu makarantu ake haɗa shi da ibada. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi shiga wani biki ko darasi na addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan ya shafi ɗan Musulmi, ya shafi ɗan Kirista, kuma ku tuna a cikin 'yan arewa mazauna garin nan akwai Kiristoci, ƙungiyar nan tasu ce su ma. Kan hijabi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi suna da ikon sa shi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Sanin wannan yana da amfani, amma ba mu yarda wani ya ɗauki fushi ya nufi ƙofar makaranta da shi ba. A zo ofis, mu rubuta takarda, mutum biyu ko uku su je su ga shugaban makaranta cikin mutunci. Idan ba a daidaita ba sai mu wuce ofishin ilimi na yanki. Galibi a zaman farko ake gamawa.

Kuɗin bikin sallama kuwa, duk abin da kuka biya ku karɓi rasit ku ajiye. Mun sha ganin an riƙe wa yaro takardarsa an ce ana binsa bashi, uba ya rantse ya biya, amma babu shaida. Ku kuma 'ya'yanmu, wannan sabuwar al'ada ta sa farar riga ana yi wa juna rubutu a jiki, a hau babura ana zagaya gari, a ƙare da casun dare, babu ita a jadawalin makaranta. Ku ɗauki hoto da abokanku da malamanku ku dawo gida kafin magariba.

To ga inda gizo ke saƙa, wato takardu. Abu na farko suna. Malamin da ya rubuta yaro a aji ɗaya ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji haka hannunsa ya rubuta. Sa'adatu ta koma Sadiat, Yunusa ya koma Yinusa, Muhammadu a takarda ɗaya Mohammed, a wata Momodu. Wani an sa masa sunan uba a ƙarshe a nan, a can an sa sunan garin kakansa. Ranar haihuwa kuma an ƙiyasta ta sau uku, kowace daban. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke jikin lambar shi kwamfuta za ta ɗauko. Idan ya saɓa da na takardar WAEC ko ta haihuwa, yaro zai iya cin jarrabawa ya samu gurbi, a zo tantancewa a tsayar da shi. Gyara yana yiwuwa, amma da kuɗi da rantsuwar kotu da zirga-zirga ta watanni. Mu kanmu wannan ya taɓa cin ɗanmu shekara guda cur a gida, saboda harafi biyu.

Abu na biyu shi ne takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma nan ne ciwon yake. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, yana jin Yarbanci kamar ruwa, idan ya je sakatariya neman wannan takarda, yawanci ce masa ake yi ya tafi garinsu. Ya kama hanyar kwana guda zuwa arewa, can kuma a ce ba a san shi ba. Tsarin Mulkin da ya hana wariya a sashe na 42, shi ne kuma a sashe na 318 ya ce zama ɗan jiha yana bin iyaye ko kakanni da suka fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan matsala tun 2006. Mu a ƙungiya ra'ayinmu a fili yake, wanda aka haifa a wuri, iyayensa suna biyan haraji a wurin, ya kamata a lissafa shi ɗan wurin, kuma za mu ci gaba da faɗa wa duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'armu. Amma yaron da zai cike fom bana ba zai jira a gyara doka ba.

Don haka kada wanda ya saya wa ɗansa takardar bogi, kada kuma a canza masa suna don ya yi kama da ɗan gari. Ranar da asiri ya tonu, ko yana shekarar ƙarshe a jami'a, korar sa za a yi. A samo ta gaskiya daga gida, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa ƙaramar hukuma. Kuma tana da amfaninta. A jami'o'in tarayya ana raba guraben shiga kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko, kuma Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa duk suna cikin wannan lissafi. Tallafin karatu na jiha ma da ita ake nema. Ku lura kuma, jami'o'in jihohi da dama kuɗin ɗan jiha daban, na wanda ba ɗan jiha ba daban, sai a tambaya tun kafin yaro ya zaɓi makaranta. Wanda ya samu gurbi a makarantar gwamnati kuma hali ya gaza, akwai asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024.

Wanda sakamakonsa ya fito bai haɗa kiredit 5 har da Turanci da Lissafi ba, kada a yi masa gori a gida. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO, akwai ta NABTEB ga masu son sana'ar hannu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kai yaro irin cibiyoyin nan da ake biya a rubuta masa amsa. Laifi ne a dokar satar jarrabawa ta 1999, kuma sau da yawa sakamakon cibiyar gaba ɗaya ake riƙewa, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi.

Iyayenmu mata, wannan taku ce, da ku da mazajenku. A duk shekara 'yan matan da ke shiga ajin farko na sakandare daga unguwar nan sun fi waɗanda ke kaiwa ajin ƙarshe yawa, kuma kowa ya san inda sauran suke tsayawa. Ba mu zo shiga sha'anin gidan kowa ba. Roƙo muke, wadda ta kai aji biyar a bar ta ta ƙarasa, wadda ta ƙarasa kuma aka ɗaura mata aure, a karɓo mata takardarta ta tafi da ita ɗakinta. Dukkanmu mun san wahalar da matanmu ke sha a asibiti idan babu mai jin Hausa a ɗakin haihuwa.

Ku kuma da kuka cika shekara 18, idan hukumar INEC ta buɗe rajista ku je ku yi katin zaɓe a nan inda kuke zaune. Wannan ba ya bukatar takardar asali.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar, kowane uba ko uwa ya zo ofishin ƙungiya da ɗansa, da takardar haihuwa, da takardar NIN, da katin jarrabawa, mu jera su a tebur mu duba harafi da harafi. Iyayen 'yan aji huɗu da aji biyar ma su zo, nasu gyaran ya fi sauƙi tunda ba a kai ga rajista ba. Masu bukatar takarda daga gida za mu haɗa su jiha-jiha, Sarki ya yi alkawarin ba kowane rukuni wasiƙa zuwa ga hakimansu, direbobinmu kuma sun ce za su rage kuɗin mota. Sannan mun zaɓi mutum huɗu, maza biyu mata biyu, waɗanda daga yanzu za su riƙa halartar duk taron iyaye da malamai da duk ranar wasanni, ko da ta faɗo ranar kasuwa. Bikin sallama na makarantar gwamnati ranar Alhamis ne da ƙarfe 10 na safe, za mu taru a ƙofar gidan Sarki da ƙarfe 9 mu tafi tare, kuma an riga an gaya wa masu kalangu.

Wassalamu alaikum.