Adalci, Raba Daidai, Jinƙai da Alheri a Koyarwar Kirista

Adalci, raba daidai, jinƙai da alheri abubuwa huɗu ne da ake yawan ambatonsu a numfashi ɗaya, amma koyarwar Kirista ta ba kowannensu gurbinsa. Adalci shi ne a ba mutum haƙƙinsa, lada ne ko hukunci. Raba daidai shi ne a auna wa kowa da mudu ɗaya, ba a duba fuska. Jinƙai shi ne a sauke wa mai laifi ko mai rauni nauyin da ya hau kansa. Alheri kuwa kyauta ce da ake ba wanda bai yi aikin da zai cancance ta ba.

Ƙasar noman rani irin ta Garun Malam, Kura da Bunkure wuri ne da waɗannan batutuwa ke tasowa kullum. Ruwan da ke raya gonakin Kadawa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ruwa ɗaya ne, gonaki dubbai, ga 'yan ƙwadago, ga masu bashin taki. Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, Kiristoci tsiraru ne, amma magudana ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, ya aza adalci a matsayin harsashi. Maimaitawar Shari'a, sura 24, ta umarci mai gona ya biya ɗan ƙwadago ladansa a ranar da ya yi aikin, kafin faɗuwar rana, domin talaka ne, a kan wannan kuɗin ya sa rai. Wanda ya ɗauki matasa dashen shinkafa tun asuba, suka wuni ƙafa cikin taɓo, ya ce su dawo jibi alhali kuɗin na aljihunsa, ya taka wannan doka. Biyansu ba kirki ba ne da zai jira godiya a kai. Bashi ne ya sauke.

Raba daidai yana kusa da adalci, sai dai shi kwatance yake dubawa: me aka ba wane, me aka ba ni? Littafin Firistoci, sura 19, ya hana algus a awo da sikeli, ya kuma hana alƙali ya karkata wajen mai kuɗi, ko ma wajen talaka. Manomin da gonarsa ke bakin babbar magudana, ya toshe hanya ya ƙoshi, ya bar na can ƙurya da ƙishirwa, ya saɓa wa wannan ƙa'ida ko da ya biya kuɗin ruwansa cif.

Inda aka fi ruɗewa shi ne wurin da raba daidai ya yi karo da alheri, kuma a nan ne misalin da Yesu Almasihu ya bayar a Matiyu sura 20 ya shigo. Wani mai gonar inabi ya fita da sassafe ya ɗauki ma'aikata, suka yi jinga a kan dinari ɗaya, wato ladan yini a wancan zamani. Ya sake fita da hantsi, da tsakar rana, da wajen ƙarfe uku, har da la'asar sakaliya, saura awa ɗaya a tashi, yana ta ɗiban waɗanda suka rasa mai ɗaukarsu. Da yamma ya sa aka fara biyan na ƙarshe, kowa dinari guda. Na farko suka sa rai da ƙari, su ma aka ba su dinari guda. Sai gunaguni ya tashi.

Duk wanda ya taɓa tsinkar tumatir daga safe zuwa yamma a ranar bazara ya san gunagunin nan yana da dalili. A ma'aunin raba daidai, an yi rashin kyautawa. Amma mai gonar ya nuna musu abu biyu: babu wanda aka rage wa ko anini daga jingarsa, kuma abin da aka ƙara wa na ƙarshe daga dukiyar mai gona ya fito, ba daga guminsu ba. Wannan shi ne ƙashin bayan zancen gaba ɗaya. Alheri yana wuce adalci ne bayan an cika shi, kuma mai yin sa ne ke ɗaukar asarar. Da mai gonar ya yanke ladan na farko ya cike na ƙarshe, da zalunci ya yi. Haka nan shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa ba shi da hurumin tausaya wa abokinsa da rabon ruwan wani.

Jinƙai ya fi fitowa fili a sha'anin bashi. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, mutane da yawa suka rasa kwandon da za su kai kasuwar Kwanar Gafan, ga bashin iri da taki a wuya. Mai bin bashi yana da haƙƙi, babu mai musu. In ya ɗaga ƙafa ko ya yafe, ya yi jinƙai. Matiyu sura 18 ta kawo labarin bawan da sarki ya yafe wa talanti dubu goma, bashin da ba ya biyuwa a tsawon rai, shi kuwa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Sarkin ya mai da shi hannun hukunci. A wurin Kirista, yafiya wajibi ce a kan wanda ya san an yafe masa, ko da yake wanda ake bi ba shi da ikon ƙwatar ta da ƙarfi.

A tsakanin Allah da mutum kuwa, Kiristoci sun gaskata cewa a kan gicciye ne adalci da jinƙai suka haɗu. Manzo Bulus ya bayyana a Romawa sura 3 cewa dukan mutane sun yi zunubi, Allah bai kau da kai daga laifin ba, Almasihu ne ya ɗauki hukuncin, domin Allah ya tabbata mai adalci, ya kuma kuɓutar da mai ba da gaskiya. A Afisawa sura 2 ya ƙara da cewa ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya.

Yadda wannan alheri ke aiki a cikin mutum ya daɗe yana jawo muhawara. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi jayayya da wani malami mai suna Pelagius a kan ko mutum zai iya yin biyayya ga Allah da ƙoƙarin kansa. Ikilisiyoyi irin su ECWA da Baptis suna jaddada kuɓuta ta bangaskiya kaɗai, ayyukan kirki su biyo baya a matsayin 'ya'yanta. Katolika suna koyar da cewa alherin yana zuwa ta baftisma da sauran sakramentoci, mutum kuma yana ba da haɗin kai gare shi. A 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya, cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, ta wurin bangaskiya ga aikin Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke sabunta zuciya ya shirya ta domin ayyuka nagari.