Jawabi Ga Manoman Rani: Koren Ganye Da Gubar Da Ba A Gani

 

Maganarmu ta yau a kan lambunan da ake ba su ruwan da ya fito daga masana'antu ce, kamar ruwan Jakara da na Challawa a Kano, inda majemu ke zubar da dattinsu. Irin wannan ruwa yakan ɗauko ƙarafa masu guba: kuromiyom daga jima, dalma da kadmiyom daga batir da fenti. Idan suka shiga shuka sai su riƙa cin ta daga ciki yadda tsatsa ke cin garma. Saiwa ta daina tsawo, ganye ya yi rawaya.

Allah ya ba shuka nata makamai na tare wannan tsatsa, kamar bitamin C da takan haɗa da kanta. Masu bincike sun gwada ƙara mata ƙarfi, ta jiƙa iri ko fesa ganye da bitamin C, ko wani sinadari ɗan'uwan asfirin, har ma da ruwan ganyen zogale. A gwaje-gwaje da yawa iri ya tsiro da kyau, ganye ya koma kore. Amma yawancinsu a tukwane aka yi su, ba a fadama ba.

Ga inda muke so ku saurara da kyau. Feshin yana taimakon shuka ta jure, amma ba ya cire ƙarfe daga ƙasa. Wani lokaci yakan rage abin da shuka ke sha, wani lokaci kuma ba ya ragewa. Ashe alayyaho zai iya yin kyau a kasuwa alhali gubar tana cikinsa, kuma rawayan ganyen da ke yi mana gargaɗi ya ɓace. Dafuwa ba ta kashe ƙarfe. Kadmiyom yakan zauna a ƙoda shekara 10 zuwa 30. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take lalatawa; ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can ƙurar dutsen zinariya ce ta jawo.

Saboda haka shawararmu ita ce a fara da kai ruwa da ƙasa awo, ƙungiya ta haɗa kuɗin tare. Inda ake shakka, a rage latas da alayyaho, domin ganye ya fi tara guba. Tumatir da tattasai da kuɓewa sun fi dama. A sa farar ƙasa da ruɓaɓɓen takin dabbobi, suna riƙe ƙarfe kada saiwa ta sha. A guji tokar bola da aka ƙona batir a ciki. Mata kuma su wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, ko da yake wanki ƙurar waje kaɗai yake fitarwa.

Mai son gwada ruwan zogale ya gwada a kunya ɗaya ko biyu, bayan an ga sakamakon awo.