Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwar Jariri Suke Zaɓen Abokan Hulɗarsu

Yau hirar tamu a kan neman aure ce, amma irin wanda ake yi a cikin kan jaririn da kike goye da shi, ba tare da kin sani ba.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan 86 waɗanda masana suke kira niyuron. Ƙwaya ɗaya ba ta iya tsinana komai ita kaɗai, dole sai ta ƙulla hulɗa da wasu. Kowace tana da gajerun rassa na karɓar saƙo, da kuma dogon zare guda na aika saƙo. Wurin da zaren wata ya taɓa reshen wata shi za mu kira mahaɗa. Gani, ji, magana da tafiya duk ta waɗannan mahaɗu suke bi. To abin tambaya shi ne, a cikin wannan taro mai yawa, ta yaya ƙwaya take gane wadda ta dace da ita?

Aikin yana farawa tun jariri yana ciki. Ɗauki misalin ido. Daga bayan kowane ido zaruruwa kimanin miliyan ɗaya ne suke fita su nufi ƙwaƙwalwa. A bakin kowane zare akwai wani ɗan kai mai 'yan yatsu da yake lalube yana gaba, kamar yadda yaɗon kabewa yake neman danga. Wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiyago Ramon i Kahal, shi ya fara bayyana wannan ɗan kai a 1890. Daga baya aka gano cewa sinadarai ne suke yi masa jagora a hanya. Wani sinadarin yana janyo shi, wani yana korarsa, har ya isa unguwar da aka nufe shi da ita.

Wanda ya nuna ƙarfin wannan jagora shi ne Roja Sferi na Amurka, a shekarun 1940. Ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon sama ta koma ƙasa. Shi kwaɗo, ba kamar mutum ba, jijiyar idonsa tana sake tohowa. Da ta toho, kowane zare ya koma ainihin inda ya fito, bai damu da cewa an juya idon ba. Sai ya zama idan ƙuda ya gitta ta sama, kwaɗon ƙasa yake kai cafka, kuma bai taɓa gyarawa ba. Daga nan Sferi ya fahimci cewa ƙwayoyin suna ɗauke da shaida a jikinsu wadda suke gane juna da ita.

Amma fa shaidar nan unguwa take kai zare, ba ita kaɗai take yanke hukunci ba. Da an isa, sai ƙwayoyin su ƙulla mahaɗu fiye da yadda ake bukata. Kamar dai budurwa ce da samari da yawa suke zuwa zance wurinta, a ƙarshe a ce ta fitar da guda. An ga haka ƙarara a tsokar jinjirin ɓera. Lokacin haihuwa zaruruwa da dama ne suke riƙe da silin tsoka ɗaya, amma cikin kamar mako biyu sauran sun janye, guda ɗaya ya rage. Da me ake fitar da gwani? Da aiki. Mahaɗar da saƙo yake yawan bi ta cikinta sai ta yi ƙarfi, wadda aka daina bi kuma sai ta shanye. Ashe har a cikin ƙwaƙwalwa zumunta a ƙafa take.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ɗakinki, 'yar uwa. A shekarun 1960 wasu masana biyu, Debid Hubel da Tosten Wisal, sun rufe ido ɗaya na jinjirin kyanwa a watanninta na farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma kyanwar ba ta gani da shi, domin zaruruwan ɗaya idon sun mamaye wurinsa a ƙwaƙwalwa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Wato akwai ƙayyadadden lokaci na yin wannan zaɓe, idan ya wuce gyara sai ya yi wuya. Su biyun da Sferi ne suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1981.

Haka abin yake ga 'ya'yanmu. Akwai jariran da ake haifa da yanar ido. Sau da yawa za ki ji ana cewa a bari ya yi wayo tukuna, ai ya yi ƙanƙanta da aiki. To wannan jiran shi ne asarar. Babba idan aka cire masa yana yakan ci gaba da gani, domin mahaɗunsa sun daɗe da ƙulluwa. Shi kuwa jariri, idan aka bari shekaru suka wuce, ko an cire yanar ƙwaƙwalwa ta riga ta saki wannan idon. Shi ya sa likitoci suke so a yi aikin tun a makonni ko watannin farko.

Haka ma harara-garke. Ba komai ba ne idan idon sabon haihuwa yana ɗan karkacewa jefi-jefi, amma idan ya wuce wata huɗu zuwa shida abin bai daina ba, kada ki yarda da cewa gado ne ko zai miƙe da kansa. Ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon da ya karkace. Maganin wani lokaci tabarau ne, ko a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum don a tilasta wa raunannan ya yi aiki. Ya fi yin tasiri kafin yaro ya kai shekara bakwai.

Saboda haka yau in kin yi wa jaririnki wanka, ki dube shi cikin haske da kyau. Yana kallon fuskarki? Yana bin ki da ido? Idan kin ga fari a tsakiyar ƙwayar idon, ki garzaya asibitin ido ba tare da jinkiri ba, domin bayan yana, yakan zama alamar wani ciwon daji na yara. Kada a ɗiga masa nono ko wani haɗin gida. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sashen ido a manyan asibitocinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu. A huta lafiya.